Jan Zakaran Habboba Ya Tafi Gidan Bashir

Ina zaune a rakuba, wato rumfar gidanmu da ke kusa da Rusairis a Sudan, kwamfuta a gabana, matan gida sun kewaye ni, sai martabata ta injiniyan dangi ta gamu da jarrabawa.

Yaya Usman ne ya aiko da hotunan 'yarsa ta fari ta imel daga Jidda. Na taɓa fayil ɗin cikin ƙasaita, kwamfutar ta ce ba ta san irinsa ba. Na sake saukewa, na canza masa suna, na kashe na kunna, duk a banza. Ashe wayar Yaya tana ajiye hoto a tsarin da kwamfutata ba ta karantawa.

Ina tsaka da jawabi kan wannan gagarumin saɓani, sai Bashir ɗan kawuna, wanda wayarsa irin ta Yaya ce, ya ce in tura masa. Taɓawa ɗaya, jaririya ta bayyana.

Habboba, kakarmu, ta rangaɗa guɗa, ta ce a kama wa Bashir jan zakaranta goron albishir.

Na ce, "Haba Habboba, ni fa na gano cutar."

Ta ce, "Ya muhandis, injiniyan dangi, kai mi ka gwada min? Rubutu. Shi ko ya gwada min hancin Usman."

Yanzu haka ƙamshin miyar zakaran yana ƙetaro katanga daga gidan Bashir, ni kuwa ba hassada nake ba, nazari nake.

Ya ku ma'abota adalci, wanda ya tura wa Bashir saƙon bai cancanci ko fiffike ɗaya ba?