Ranar da Kawu Ya Sa wa Takardar Aure Leda

Har yau idan aka ambaci Kawu Leda a layinsu, abin da ake fara tunawa shi ne ranar da ya kusa hana 'yar ƙanwarsa aure, kuma saboda tsabar ƙauna.

Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: injin kwafin takardu, sai wani tsohon injin liƙa musu leda. Mutum ne da ba ya iya ganin takarda tsirara. Katin asibiti, shaidar haihuwa, har hoton tsohuwarsa, duk sun sha leda. Don haka da Auta, 'yar ƙanwar tasa, ta ba shi ajiyar takardar izinin aurenta, wadda suka sha jira kafin ta fito, bai shawarci kowa ba. Ya cusa ta a inji, ta fito tana ƙyalli.

A ofishin rajistar aure ya miƙa ta da hannu biyu, yana jiran yabo. Magatakarda, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗora biro a gurbin sa hannu. Biro ya zame. Ta buga hatimi, tawada ta taru kamar zufa.

"Wane gwanin ne ya yi wannan?"

Duk idanu suka koma kan Kawu.

"Baba, sai na sa hannu a jikin takardar kanta kafin in ba da shaidar aure. Wa'adinta yau yake ƙarewa. In mun tashi, sai ku sake nema daga farko."

Ango kuwa washegari zai bar ƙasar zuwa sabon wurin aikinsa, kuma ba a barin mace ta bi miji can sai da wannan shaidar. Auta ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Kawu," a hankali. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Yaya, wa ya aike ka?" in ji ƙanwarsa. "Ajiya aka ba ka, ba kwalliya ba!"

Masinja ya fara rufe tagogi. Kawu ya roƙi reza. Ya san in leda ta kama da kyau, to in aka ɓare ta sai ta tafi da rubutun. Shekara da shekaru yana musu da duk wanda ya ce injinsa ba ya zafi sosai. Yau ga shi yana addu'a a zuci Allah ya sa gaskiyarsu ce.

Ya yanke gefe. Ya sa farce. Leda ta ɗaga kaɗan, ta tsaya. Ya ja, sai aka ji "kyat", kusurwar takardar ta yage. Ango ya rufe ido. Sauran ledar kuwa ta saki salin-alin, sunaye da lamba suna nan daram.

Magatakarda ta jujjuya takardar, ta daɗe tana duban yagewar ta saman tabarau, sannan ta sa hannu.

Yanzu Auta tana can wurin mijinta har da goyo. Amma matasan layin ba su bar Kawu ya huta ba. Ko jiya sai da telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo.

"Kawu, ƙanena zai yi aure. A kawo takardar ko a ɓoye maka?"

Kawu bai ko ɗago ba. "Ku da kuke ta matsa min in sayi sabon inji? Da na biye muku, da yanzu Auta tana ɗakin uwarta tana tsine min."