Duwatsun Murhuna a Kan Sikeli

Tun da ɗana ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na Filato ya kawo ni Kuala Lumpur, ban ƙara hura wutar itace ba. A unguwar Danau Kota muke, can saman bene, inda ko turaren wuta ka kunna sai wani abu a rufi ya kama kururuwa. Murhun gas ne, a murɗa ya kama, a murɗa ya mutu. Abinci yana dahuwa, ban ce ba ya dahuwa ba, amma gwate da bai ji hayaƙi ba, ni ban san sunan da zan kira shi ba.

Wata shekara ɗan nawa ya sayo wata ƙaramar tirela hannun wani abokinsa. Ɗaki ne guda mai taya, da gado a ciki da tankin ruwa, ana ƙulla shi a bayan mota a ja. Ya ce da hutu za mu hau duwatsun da ake noman ganyen shayi, mu kwana a fili.

"Mama, sanyin wurin kamar na gida. Kuma suna barin mutum ya hura wuta."

Daga ranar na shiga shiri. A wurinmu mace ba ta ɗora tukunya a kan dutsen da ta tsinta yanzu-yanzu. Sai ta zaɓa, ta juya shi, ta ga zamansa, ukun su zo kai ɗaya. Duk Lahadi in mun taso daga coci sai in sa a tsaya bakin wani rafi bayan unguwar Taman Melati, har na haɗa duwatsu uku, baƙaƙe, masu faɗin gindi. Na wanke su na jera a baranda. Da yamma in zauna kusa da su, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa ta sama, ina jin ƙanshin hayaƙin da ba a hura ba tukuna.

Ranar tafiya na sa aka loda min su a can ƙarshen tirelar, da tukunyar ƙarfe da damin itace da accata. Haka muke loda akori-kura a gida: mai nauyi a bakin ƙofa, don a fara sauke shi.

Ba mu yi nisa ba tirelar ta fara rawa a bayanmu, tana kaɗa motar hagu da dama. Surukata, matar ɗan nawa, ta dafe ƙirji tana kiran Yesu. Ɗana ya rage gudu, ya ce ba za mu hau dutse a haka ba sai an auna. Muka ratse wani fili inda ake sayen tsofaffin ƙarafa, akwai sikeli shimfiɗe a ƙasa wanda manyan motoci ke hawa.

Aka hau da mota da tirela tare, mu duka muna ciki. Aka kwance tirelar aka auna ta ita kaɗai. Sannan aka auna bakinta, wurin da take kama motar. Mai sikelin, wani dattijo, ya girgiza kai ya ce, "Tak boleh." Wannan kam na sani, ba zai yiwu ba ke nan.

Ɗana ya zo ya durƙusa gefena. "Mama, abu biyu ne. Nauyin ya taru a baya, shi ya sa bakin yake ɗagawa tana rawa. Wannan mai sauƙi ne, a maido kaya tsakiya kan taya. Amma duka-duka ma ya fi ƙarfin motar. Hawa za mu yi, kuma mu sauko. Burki ba zai riƙe ba."

Aka maido kaya tsakiya, aka zubar da ruwan tanki. Aka sake hawa sikelin. Nauyin da saura.

Jikata, wadda Hausarta rabi ce, ta rungume ɗaya daga cikin duwatsun tana nishi. "Kaka, dutse za mu kai wa dutse? Can ma akwai lah!" in ji ta, da irin "lah" ɗin da mutanen nan ke ƙarawa a magana.

"Ke da ba ki san tuwo daga fate ba, me kika sani a dutse?"

Aka yi dariya, har da ni. Ɗana ya ce a bar kekunan yara a ɗauki duwatsuna. Na dubi yaran, na dubi tudun da ke jiranmu, na ce a sauke duwatsun. Da hannuna na mirgina su gindin wata bishiya, na jera su uku yadda ake jerawa, bakin murhun yana duban gabas.

Tirelar ta bi mu lafiya lau, ko gezau. Sanyin kuwa gaskiya ya faɗa, har hazo ya sauko kamar na Fankshin, can gida. Na tsinci wasu duwatsun a can, ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, tukunya ta karkace, na tallafe ta da muciya har gwaten ya nuna. Hayaƙi ya shiga idona, na bar shi ya yi ta shiga.

Da za mu dawo na roƙi a bi ta filin sikelin. Suna nan gindin bishiyar yadda na bar su, ruwan sama ya wanke su tas, ba wanda ya ɗora musu komai.