Mabuɗin Ɗakin Inna

Shekara shida na yi ina kulle mahaifiyata da kwaɗo, kuma ba na jin kunyar faɗa, don a unguwar Hindawiyya ta Jidda kowa ya san dabarar. In kana da tsoho ko majinyaci a ɗaki, kuma ba ku da iƙama, wato takardar izinin zama, in za ka fita sai ka ja ƙofa ka danna kwaɗo ta waje. Idan masu kame suka hawo suka ga kwaɗo, sukan ɗauka babu kowa, su wuce. Sharaɗin guda ne: na ciki ya kama bakinsa. Ko wa ya buga, ko da Hausa aka yi sallama, kada ya amsa.

Inna ta fi kowa iya wannan shirun. Umara muka zo tare muka ƙi komawa, bayan 'yan shekaru ɓarin jikinta na dama ya shanye, ta kwanta. Ɗakinmu yana can saman wani tsohon bene mai hawa uku, shi kaɗai a kan rufi, da jinkar kwano da wata fanka mai ƙugi. Ni kuwa shinkafa da wake nake kai wa leburori a bakin wata masana'anta a Madinar Masana'antu. Bayan asuba nakan ajiye mata kwanon koko da gorar ruwa guda a hannunta na hagu, in kulle, in ƙulle mabuɗin a haɓar zanina. La'asar a gida take yi mini. Wani lokaci nakan kai ta wurin wata 'yar uwarmu a unguwar Kurayyat ta yi kwana uku, saboda haka maƙwabtanmu na ƙasa ba sa damuwa in sun ga kwaɗo ya kwana a ƙofa.

Inna tana da labari guda ɗaya tak, ta ba ni shi ya fi a ƙirga, har nakan ce mata, "Inna, ko rediyo tana canja shiri." Labarin kakar kakarta ne, a can ƙasar Gobir, sama da shekara ɗari biyu, lokacin da malamai da talakawa suka tayar wa sarakuna da yaƙi. Mahaya suka faɗo wa ƙauyensu. Matar nan tana da uba makaho, ba zai iya gudu ba, sai ta ɗaga shi ta saka a cikin rumbu, ta rufe bakin, ta ce ya yi shiru har ta dawo. Ba ta yi nisa ba aka kama ta. Aka ɗaure su a igiya ɗaya, aka tasa ƙeyarsu. Wanda yake riƙe da igiyar, in ji Inna, ba mugu ba ne sosai, har ruwa yake ba su, ya kuma tambaye ta ko ta bar wani a baya. Ta ce babu. Sau uku yana tambaya tana cewa babu. A ƙasar da aka kai ta ta yi aure ta haihu, mu jikokinta ne.

Na taɓa tambayar Inna, "Wai mahayan nan na sarki ne ko na malamai?" Yau ta ce waɗannan, gobe ta ce waɗancan. Ita dai abin da ta riƙe shi ne kakarmu ba ta nuna wa abokin gaba ƙofa ba. A nan take tsayawa kullum, ta ɗaga yatsa ta ce, "Ke ma ko za a yanka ki, kada ki nuna musu ƙofa." Nakan ce to, don a lokacin faɗar to ba ta da wuya.

Ranar da aka kama ni rana ce ta tsakiyar zafi, irin wanda riga take manne wa mutum tun hantsi. Ina cikin zuba wa wani Bature... a'a, wani ɗan Bangaladash ne, ina tuna shi don cokalin yana hannuna ya ce in ƙara mai, sai na ga leburori sun watse. Kafin in waiga motar masu kame ta tsaya a gabana, wata a bayana. Ban ma yi yunƙurin gudu ba. Aka ce, "Iƙama?" Ba ni da ita. Aka ce, "Yalla," aka nuna mini mota. Na bar kulata a buɗe a kan titi.

A cikin motar ne hannuna ya taɓa ƙullin mabuɗin da ke haɓar zanina. Ruwan da na bar wa Inna na yini ɗaya ne, shi ma a kan ƙa'ida.

Aka kai mu gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, mu tarhil muke ce masa. Aka karɓe wayoyi, aka ɗauki hoton yatsu, aka zuba mu a wani dogon ɗaki, mata sun fi hamsin, Hausawa da Habashawa da wasu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙon ko wata ta ɓoye waya. Babu. Wata dattijuwa Bakatsiniya da aka taɓa kamawa sau biyu ta ce in kwantar da hankali, bayan kwana huɗu ko biyar akan bari a yi kira. Na ce, "Hajiya, uwata ba za ta kai kwana huɗu ba." Na gaya mata komai. Ta dube ni ta ce, "Gidan naku mutum nawa ne marasa takarda?" Na ce kusan duka. Ta ce, "To ki yi ta addu'a, amma kada ki kuskura ki buɗe baki. Wanda ya nuna gida ya gama zama da mutane."

Aka kira la'asar ina kallon bango. Na san a daidai lokacin Inna ta fara kasa kunne tana jiran ƙarar takalmina a matakala. Aka kawo abinci ban taɓa ba. Ruwa ma kunyar sha nake ji. Ban runtsa ba har gari ya waye, tsoro ya hana ni ko kuka.

Da safe wata mai gadi ta shigo ƙidaya mu. Baƙa ce doguwa, cikin kaki, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ce mu yi layi, na yi jinkiri, ta taɓa kafaɗata da sandarta. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ga rashin barci. Na ce da Hausa, da ƙarfi, "Allah ya isa tsakanina da ke, baƙar azzaluma, mai fuska kamar gindin tukunya."

Ta tsaya da ƙidayar. Ta ce da Hausa, "Ina ji, ya khala," wato gwaggo da Larabci.

Ni kuwa na ce shi ke nan, yau na jawo wa kaina. Amma sai ta ƙarasa ƙidayarta ta fita. Dattijuwar nan ta raɗa mini cewa irinsu suna da yawa, jikokin mutanenmu ne da suka zo tun da daɗewa suka zama 'yan ƙasa. Ta ce, "Su ne ma abin tsoro, don sun san lungunanmu."

Na fi awa biyu ina kai-kawo a raina. Da ta dawo da hantsi na bi ta har bakin ƙofa, na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa sa'ar ƙanwata ba. Na ce, "'Yar nan, ki yafe mini bakina. Uwata tana kulle a ɗaki, ba ta tafiya, tun jiya." Na kwance haɓar zani na nuna mata mabuɗin. Na ce, "In kin tashi aiki, ki je ke kaɗai, ki miƙa wa maƙwabta. Ko ki kira mini lamba ɗaya. Allah zai biya ki."

Ta daɗe tana kallon mabuɗin. Hausarta a karye take, sai ta haɗa da Larabci. Ta ce, "Wallah ma agdar, ba zan iya ba, ya khala. Ba waya a nan, kuma ana gani na. In na je ni kaɗai, halas, aikina ya tafi, ni ma ina da uwa. In kin ba ni, zan kai ofis. Mota za ta je da likita. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, duk wanda suka gani a gidan, za su tambaye shi iƙama."

Na ce, "Ki ce su hau sama kawai."

Ta ce, "Zan ce. Ba za su ji ba."

Har yau ina mamakin wannan gaskiyar da ta gaya mini. Da ta ce in kawo kawai, ba abin da zai faru, da na ba ta nan take, kuma da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Ta bar ni da abina. Ta ce tana nan har la'asar.

Na koma na zauna. Na lissafa mutanen gidanmu a raina. Akwai wani tela da matarsa a hawa na farko, sun shekara talatin a Jidda, 'ya'yansu ko hanyar Najeriya ba su sani ba. Matar ita ce take aiko wa Inna farfesu duk Juma'a. Na tuna yatsan Inna a ɗage. Na ce wataƙila wani zai hau shanya ya ji motsi. To amma wane motsi? Ni da kaina na koya mata shiru, ita kuma ta gaje shi tun daga rumbu.

Aka kira azahar. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin kwano a Jidda ya san abin da azahar take nufi. Ko da ruwa a hannu, mutum ji yake kamar an kifa masa tukunya. Na tayar da salla na kasa tuna raka'a nawa na yi. Ina sallamewa na miƙe. Dattijuwar ta riƙo zanina ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah." Na fizge na ce, "Shi nake ji."

Na ba mai gadin mabuɗin. Na kwatanta mata layin, da shagon mai gasa burodi, da koren ƙyaure. Na ce a gaya wa Inna ni na aiko, in ba haka ba ba za ta yi magana ba. Tana fita matan da ke kusa da ni suka janye tabarminsu.

Gab da magariba aka buɗe ƙofa. Mata huɗu aka fara shigowa da su, duk na gidanmu. Matar tela ce a gaba, da silifas ƙafa ɗaya, hannunta duk kwaɓin fulawa. Mazan an kai su nasu ɓangaren. Ta dube ni, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Da kin aiko mini, ai da na fasa ƙofar." Na ce ban samu hanya ba. Ta ce, "Na sani," ta wuce ƙarshen ɗaki ta juya mini baya. Har aka raba mu ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni na raba ta da gidanta na shekara talatin, wannan ba ya goguwa.

Inna sai bayan kwana biyu aka kawo ta daga asibiti, a keken guragu, mai gadin nan ce take turo ta. Leɓunanta duk sun tsage. Mai gadin ta ce mini a hankali an same ta a ƙasa, ta ja jiki har bakin ƙofa, gorar ruwan a bushe. Ta ce ko da aka buɗe ba ta ce uffan ba, sai da aka ambace ni. Ta miƙo mini mabuɗin, wai kayana ne. Na karɓa na rasa abin da zan yi da shi. Na ce mata na gode, bakina yana nauyi, don ban san yadda ake gode wa wanda ya tsare ka ba.

Na shimfiɗa wa Inna, na ba ta ruwa da cokali. Ina jiran yatsan nan. Na riga na shirya amsata, don ni ma a cike nake. Ta ƙi kallona har aka yi la'asar. Da na gaji na ce, "Inna, na nuna musu ƙofa. Ki faɗi abin da za ki faɗa."

Can ta ce, "Tun ina yarinya nake ba da labarin nan, kullum ina bin kakarmu a igiya, ina yabonta. Ban taɓa komawa na leƙa rumbun ba." Ta ci gaba da cewa, "Ranar farko na yi shiru kamar yadda muka yi alkawari. Rana ta biyu na kira ki. Na yi ta kiranki, muryar ce ba ta fita. Na ce ko askar mai kame ne ya zo, ko wane ne, ya buɗe."

Na ce, "Inna, ki huta."

Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "Shi ma makahon nan kiranta ya yi ta yi a rumbu. Sau uku aka tambaye ta, ke. Da ta faɗa."