Faffaɗan Matakin Moto Daga Treichville

Ana idar da sallar asuba muka fita daga unguwarmu Bracodi, ni da ƙanwar maigidana. A jakata akwai kwalin da na zana tafin takalmin 'yata a kai, da bulon ɗaya, ƙusar da ke ɗaure mataki, da babanta ya kwance daga motonsa, wato babur ɗinsa. Yarinyar shekararta tara, ƙafarta ta hagu shanyayya ce, takalmin ƙarfe take sawa. Matakin baya na moton siriri ne, takalmin zamewa yake yi. Makon jiya saura kaɗan ya shige cikin taya, babanta ya ce ba zai ƙara ɗaukarta ba. Ga shi Litinin ake komawa lakol, wato makaranta, tafiyar kuma ta fi ƙarfinta a ƙasa. Duk Adjamé na tambaya, aka ce faffaɗan mataki sai Treichville, can ƙetaren ruwa.

Woro-woro, tasin da ake shiga a haɗe, ya kai mu unguwar Plateau, a matse da wata mai kwandon kifi. Har yanzu zanena bai manta da ita ba. Daga nan muka shiga jirgin ruwa. Ni ban saba ba, bakina salati kawai yake yi, abokiyar tafiyata kuwa hoto take ɗauka.

Mun sauka shaguna ba su buɗe ba, sai muka ci aceke, dambun rogo, da soyayyen kifi wurin wani ɗan ƙasarmu, shi ya nuna mana layin masu kayan moto. Shagon farko dariya suka yi mana. Na biyu na ado ne da su, sai ƙyalli, ba faɗi. A na uku wani dattijo Bajule ya karɓi kwalina, ya aza shi kan wani faffaɗan mataki, ya gwada bulon, suka dace. Jaka takwas na sefa ya ce, muka daidaita a shida.

"Hajiya, akwai kirik a gidanku, na ɗaga moto?"

"Babu, Baba."

"To kada a ɗaure shi moto yana jingine. A tsayar da shi cak tukuna."

Na juya kwalin na rubuta, da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci. Ya jira ni har na gama.

Da la'asar muka iso gida. Kafin in cire mayafi maigida ya riga ya ɗaure na hagu, moton yana jingine kan ƙarfen jinginarsa na gefe. A ido daidai yake. Da aka miƙar da moton sai ga matakin ya karkace. Na miƙa masa kwalin. Ya karanta, ya sosa ƙeya.

"To ina muka ga kirik?"

Na mirgino turmina, muka kife shi ƙarƙashin injin, muka cusa katako. Ni da ƙanwarsa muka riƙe kan moton, shi ya sassauta bulon. Na aza kofin ruwa kan matakin, yana gyarawa ina dubawa, har ruwan ya kwanta daidai. Sau uku muka sake kafin ya ɗaure tamau.

Ya ɗauki yarinyar har unguwar 220 Logements suka dawo, ina tsaye bakin ƙofa. Ƙafar tana inda na aje ta. Ya kashe moton ya ce mata, "Litinin ki shirya da wuri."

Abin da na koyo a wannan tafiya, in kin je sayen abu kada ki tsaya a kuɗinsa, ki tambayi yadda ake sa shi, ki rubuta. Turmin ya sha baƙin mai, kwana biyu ina wankinsa. Na yafe.