Tuntayen Babbar Sallah da Hannuna na Dama

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na tsallaka Damagaram da masu cewa aure na yi a ɓoye, duk ku zauna. Sanƙarau ne ya kwantar da ni.

Ku yi haƙuri da rubutun. Allo na yi, bokon a waya na tsince shi.

Wanda ya san ni cikin 'yan acaɓan Maigatari ya san ba na barin kowa ya huta. Amma wadda ta fi shan wahalata ita ce kakata. Ina ce mata Amarya, tana ce min Maigida. Sunkuyon saƙa ya riƙe mata wuya tun tuni, in za ta waiga sai ta juyo gaba ɗaya kamar tirela a kwana. Kullum sai na kwaikwayi juyin nan a tsakar gida, mata su yi ta dariya.

Duk Sallah takan saƙa 'yan tuntaye da kwarashi, masu wata da tauraro, ta raba wa jikoki. Nawa a madubin babur nake ratayewa, ina ce mata ko jaki ba zai yarda a ɗaura masa wannan ba.

Azumi na da kwana goma zazzaɓi da ciwon kai suka kama ni. Na ce zafin gari ne. Washegari na tashi wuyana ya sandare. Na fito tsakar gida ina juyawa gaba ɗaya, aka fashe da dariya.

Na ce, "Wallahi da gaske nake."

Kaka ta ce, "Yau ma ni ce? Ku ƙyale ja'iri, in ya gaji zai saki wuyan."

Inna ta dube ni, na ga hankalinta bai kwanta ba. Amma ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira, balle ta yi musu da uwar mijinta a kaina.

Haka na wuni, haka na kwana. Washegari da la'asar na fara amai, haske na sukar idona, na faɗi a bakin randa. Ban san sanda aka kai ni asibiti a Gumel ba.

Abin da na tuna, an naɗe ni gwiwa a ƙirji, an soka min allura a gadon baya an ɗebi ruwa. Baba ya ce ruwan ya fito kamar na wankin shinkafa.

Likita ya tambaye shi, "Tun yaushe wuyan ya riƙe?"

"Tun jiya da safe."

"To me kuka tsaya jira?"

Kaka tana bakin ƙofa, ta ji.

Daga nan sai allura safe da yamma, ƙarin ruwa, robar fitsari. Baba ya sayar da babur ɗina aka sayi magani. A gadon kusa da ni akwai wani makiyayi daga wajen Ɗanzomo, ciwonmu ɗaya. Ranar Sallah da hantsi, muna jin kabbarar masu dawowa daga idi, aka ja masa mayafi har ka. Na ce saura ni.

Bayan mako uku aka sallame ni. Kunnen hagu ya tafi. Hannun dama, wanda nake murza totur ɗin babur da shi, ko cokali ba ya riƙewa.

Likitar gashin ƙashi ta ce, "Kunnen ka haƙura. Hannun kuwa, in ka bar shi ya kwanta, ya kwanta ke nan. Ka ba yatsun nan aiki kullum."

Na dawo gida na tarar Kaka ta tura kwandon saƙarta ƙarƙashin gado. Ƙaramar Sallah ta wuce ba jikan da ya sami tuntu. Ta daina ce min Maigida. Sai dai, "Sannu Habu," tana kallon ƙasa. Wannan sannun ya fi min allurar baya ciwo.

Wata rana na ce, "Amarya, ɗauko min kwarashin nan."

"Aikin mata ne."

"Ai na maza ya gagare ni."

Ta sa min a hannu, ya faɗi. Ta sake sawa, ya faɗi. Sai ta yagi tsumma ta ɗaure min shi a yatsa. Ina jan zare gumi na zuba, wani lokacin na yi jifa da ulun na juya bango ina hawaye. Ita dai ta ɗauko ta miƙo min. Abokai suka zo dubiya suka same ni da jan ulu a cinya, ba wanda ya iya dariya. Nan na san na lalace.

Tuntun farko ya ci min kwana goma sha tara. Ranar da aka kwance tsumman kuma kwarashin bai faɗi ba, Inna ta shige ɗaki da sauri.

Jajiberin Babbar Sallah na gama guda bakwai. Na miƙa wa Kaka na farkon, watan ya karkace, tauraron ƙafa uku. Ta juya shi, ta sake juyawa. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Maigida, ko jaki ba zai yarda a ɗaura masa wannan ba."

Ta ɗaure shi a jikin carbinta.

Yau ina riƙe kofi, ina danna waya. Totur da saura, amma likitar ta ce hannun ya farka. Alhamdulillah. Na gode wa Baba da Inna, da ma'aikatan asibiti, da 'yan tasharmu da ba su gaji da zuwa ba. Allah Ya ji ƙan makiyayin nan.

Jama'a, in ana rigakafin sanƙarau ku je. In zazzaɓi ya haɗu da riƙewar wuya, asibiti a ranar, kar a kwana. Ko da mai ciwon shaƙiyyi ne irina, ku fara taɓa goshinsa. In kun ji sanyi, sai ku zage shi.