Injin Feshin da Yayana Ya Ara

Shekarun baya, ina zaune a Takur, ina da 'yan furanni a tsakar gida waɗanda mahaifiyata ta dasa da hannunta kafin ta rasu. Ni da ko albasa ban taɓa rayawa ba, sai ga ni ina lallaɓa su kamar jarirai.

Da bazara ta tsananta, ruwan famfo ya ɗauke, furannin suka fara langaɓewa. Maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai aiki a ma'aikatar gona, ta shigo wajen matata ta gan su. Ta ce, "Malam, ka daka ɗanyen zogale ka tace, ka sirka da ruwa sosai, ka riƙa fesa wa ganyen da sassafe. Za su fi jure ƙishi." A raina na ce yanzu fure ma kwaɗon zogale yake ci? Amma na gwada. Cikin sati biyu suka miƙe, har da sabon toho.

Gab da damina yayana ya zo daga Miga ya ari injin feshina. Bayan kwana uku ya aiko da shi, bai ce komai ba. Na zuba ruwan zogalena na fesa kamar kullum. Kafin sati ya zagayo, ganyen duk ya ƙone.

Na kira shi a waya. "Yaya, me ka zuba a injin nan?"

"Maganin ciyawa mana."

"Kuma ba ka wanke ba? Furannin gidana duk sun mutu."

Sai ya yi dariya. "To ai fure ne, ba gero ba. Wa ke cin fure?"

Na ce, "Inna ce fa ta dasa su."

Ya ce Allah Ya jiƙanta, ya shiga tambayata ya yara.

Wata huɗu ban taka Miga ba. Na san ni ma da laifina, da na ɗauraye injin da ba a kai nan ba. Mantuwa kowa na yi, wannan na yafe. Dariyar ce har yau take ƙona min rai, don uwarmu ɗaya da shi.

Mun shirya daga baya, ko da yake bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Na dasa wasu furannin, ina fesa musu zogale duk bazara. Injin kuwa, ko limamin unguwarmu ya aiko aro, sai in ce ya lalace.