Baƙuwar da ta yi girki da tukunyar Inna

Damina ce, kogi ya cika, shekarar nan kuwa zazzaɓi bai bar gida ko ɗaya ba a Gaya. Da la'asar na ga idon autana ya yi ruwan ɗorawa. Haka idon Inna, uwar mijina, ya yi kafin ta rasu.

Lokacin da take jinya, ni na raka ta gidan likita, tana tauna goro, hannunta na ƙamshin man kaɗe. Likita ya ce ƙwayar ciwon hanta ba ta iya hayayyafa ita kaɗai, sai ta shiga hanta ta sa sinadaran jikin mutum su yi mata aikin.

Inna ta ce, "Ɗan nan, wato baƙuwa ce, ba tukunya ba itace, da nawa take girki?"

"Haka ne, Inna. Kuma ta jini take kama wani."

Goron ya tsaya a bakinta, ta dube ni. Duk Juma'a da askarta ɗaya take yanke farcenta da na jikoki.

Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya tsare mana waɗanda kika bari. Washegarin ranar da na ga idon autan, na goya shi, na tasa yayyensa gaba, muka tafi awon jini.